Gwanjon kayan ɗura harsashi na hannu: in taya ko in haƙura?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wajen su Kawu da suka daɗe a harkar farauta a ƙasar nan. Bara na fara fita farautar barewa a nan Texas tare da wani Bature abokin aikina. Na yi kwas ɗin da jiha ta wajabta wa mafarauta, na yanki lasisi, na sayi bindiga mai cin harsashi samfurin .30-06. Abin da ke cinye min aljihu harsashi ne. Kwali mai guda 20 kusan dala 40 nake saye, kuma kafin a buɗe farauta a farkon Nuwamba dole mutum ya je filin gwaji ya saita hannunsa. Shi abokin nawa ba ya sayen harsashi, tsince kwansonsa yake yi ya sake ɗurawa a gareji.

To jiya na ga kaya a wani shafin gwanjo na intanet, irin waɗanda ke sayar da kayan mamaci. Wani tsoho ne ya rasu, 'ya'yansa suka zuba komai a kasuwa. Akwai injin matsi RCBS Rock Chucker, sikeli mai sanda, dayis kala huɗu (ƙarafan da ake ɗaura wa injin don gyara kwanso da dasa kan harsashi, kowane samfurin harsashi da nasa), littattafai biyu, kwanso cike da bokiti, gwangwanin albarushi uku da aka riga aka buɗe, da kwalaye shida na harsashin da marigayin ya ɗura da hannunsa. Tayi na kan dala 140, saura kwana biyu a rufe. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga gidana, da kaina zan je in ɗauko. In shiga ko in bari?

Ɗan Zongo:
Wa alaikumus salam. Chale, kai da ka zo neman kuɗi kuma ka koma maharbi? Mu nan Bronx ko bindigar roba ka riƙe sai maƙwabta sun kira 'yan sanda.

Ɗan Funtuwa:
Haba Yaya, kakana maharbi ne, gado na tarar. Kuma naman barewa ɗaya na cika firiza.

Kawu Makaniki:
Wa alaikumus salam ɗana. Bari in tashi daga ƙarƙashin wannan motar in wanke hannu, maganar ba ta layi biyu ba ce.

To. Shekarata goma sha bakwai ina ɗura harsashi a nan Ohio, kuma rabin kayana na hannu ne. Don haka ba ni cikin masu cewa sai sabo. Amma wannan kayan da ka lissafa kashi biyu ne, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Akwai ƙarfe, akwai abin da ke cin wuta.

Ƙarfen tukuna. Rock Chucker zubin ƙarfe ne mai nauyi, tun ƙarshen shekarun 1960 ake yinsa, kuma kamfanin da kansa tun 1943 yake, Fred Huntington ya kafa shi a Oroville ta Kalifoniya. Irin wannan inji ba shi da wuta ba shi da kwamfuta, hannu ne da sanda mai hawa da sauka kamar fistin. Abin da zai lalace a jikinsa kaɗan ne, kuma duk ana gani da ido. Ka sa mai gwanjon ya ɗauko maka hoto kusa-kusa na wuri uku. Na farko inda hannu ke haɗuwa da jiki, a nan yake tsagewa in an taɓa yada shi ko an danne shi da ƙarfin tsiya. In ka ga alamar walda ko sabon fenti a wuri ɗaya kawai, ka ja da baya. Na biyu ramin sama inda ake ɗaura dayis, ka ga ko tiredi ya cinye. Na uku ita sandar. Tsatsar sama ba komai ba ce, ɗan mai da soson ƙarfe sun isa. Wadda ta ci rami-rami ita ce matsala. Da da hali ka je ranar da suke barin mutane su duba kaya, ka ɗaga sandar har sama ka girgiza ta da hannu. In tana rawa hagu da dama kamar fistin da ya ci silinda, injin ya gama aikinsa a duniya.

Dayis kuma ka fara tambayar kanka, a cikin kala huɗun akwai na .30-06? In babu, to ƙarafa ne kawai za ka tara. Sa'ar da ake da ita kusan duk kamfanoni tiredi ɗaya suke yi, 7/8-14, shi ya sa na Lee ko Redding ko Hornady ko Lyman duk za su hau kan RCBS. Ka haska tocila cikinsu. In ciki ya karce, haka zai riƙa karce maka kowane kwanso. 'Yar allurar da ke ture tsohuwar hula, wato ɗan abin da ke gindin kwanso mai tada wuta, in ta lanƙwashe kada ta dame ka, kuɗin shayi ce.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya saka da alheri Kawu. Akwai na .30-06, sai .270 da wasu biyu na ƙaramar bindiga. To albarushin fa? Don shi ne ma ya ja hankalina, na ga gwangwani ɗaya a shago ya haura dala 50.

Kawu Makaniki:
Nan nake zuwa. Wannan albarushin ka ɗauka ba ya cikin cinikin. Ko kyauta aka ba ka kada ka zuba shi a kwanso.

Dalili: gwangwanin da aka buɗe, abin da aka rubuta a jikinsa ba shaida ba ne. Tsofaffin nan sukan juye ragowar wannan cikin wancan, ko su kwashe abin da ya rage a mazubi su mayar cikin gwangwanin da ya fi kusa da hannu. Shi ya san abin da ya yi, amma yana kabari, wa za ka tambaya? Kuma ka ce yana da dayis na ƙaramar bindiga, wato a teburinsa akwai albarushi mai saurin ci. Irin wannan in ya shiga kwanson babbar bindiga a matsayin nata, ƙarfen ne zai tarwatse a gaban fuskarka. Ido ba ya bambance su yadda za ka dogara da shi. Ga kuma ajiya, gareji a zafin Texas shekara nawa? Wanda ya lalace yakan yi wari mai hawa kai, wani ya fitar da jan ƙura kamar tsatsa, amma rashin warin ba ya nufin lafiya.

Haka kwalaye shidan nan da marigayi ya ɗura. Dokar da kowane mai ɗuri ya sani ita ce ba a harba ɗurin wani. Ni ɗurin ƙanina ma ba na harbawa. Ka kira ofishin 'yan sandan yankinku ta lambar da ba ta gaggawa ba, ko masu karɓar shara mai haɗari, su gaya maka inda ake kaiwa.

Saboda haka in za ka yi lissafi, inji da sikeli da dayis ɗaya kake saye. Sauran kaya ne za ka ɗauko wa magada.

Maman Hanan:
Sallama. Ni ban san komai a kan inji ba, amma tambaya ɗaya gare ka Ɗan Funtuwa, Baban Khalil: a ina za ka ajiye wannan sana'ar? Na san kana da yara biyu ƙanana, kuma na san gidajen haya na can, gareji a manne yake da kicin.

Ɗan Funtuwa:
A gareji Hajiya. Zan sa kwaɗo.

Maman Hanan:
Kwaɗo na hana yaro taɓawa, ba ya hana ƙura. Aikin jinya nake yi, ina ganin sakamakon gwajin jinin yara. Kwanson da aka harba yana ɗauke da ragowar dalma, don hular da ke tada wutar galibi da sinadarin dalma ake yinta. In ka zuba su a injin wankewa na busasshe, ƙurar nan tana tashi ta sauka a riga da takalmi da ƙasa, ka shigo da ita falo, mai rarrafe ya sa hannu a baki. Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010 bai kamata a yi mana dogon bayani a kan dalma ba. Ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma ba guba aka ba su a cokali ba, dutsen zinariya mai dalma ake dakawa a tsakar gida. Ban ce abu ɗaya ba ne da naka, nisan yana da yawa. Amma hanyar ɗaya ce, uba ya kawo aiki gida. Bokitin kwanson tsohon nan Allah kaɗai ya san shekarunsa.

Kawu Makaniki:
Gaskiyarki Hajiya. Ni da ruwa nake wankewa, a rumfa bayan gida, kuma akwai rigar da ba ta shiga ɗaki. Ba a ci ba a sha a wurin. Na so in faɗa na manta.

Ɗan Damagaram:
Ina wuninku. Ni ta wajen biyan kuɗi zan yi magana, don an taɓa cin kasuwata. Shekara biyu da suka wuce na ga wani ya sa injin Dillon 550 a wani zaure, farashi rabin na shago. Hoto tsaf. Ya ce mutane uku na jira, in ina so in tura yanzu ta manhajar nan da muke aika wa juna kuɗi. Na tura dala 300. Daga ranar lambarsa ta mutu. Daga baya na ga hoton nan dai a wani wuri, ashe na wani ne ya kwafo. Cinikin biri a sama na yi, ba wanda zan kama.

Abin da na koya: ka ce mai kaya ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da injin ya ɗauka. Ɓarawo ba zai iya ba, don ba shi da kayan. Kuma duk wanda ya ce ku bar shafin ku ƙarasa ciniki a waje don a kauce wa la'ada, ka gudu.

Ɗan Zongo:
Dala 300! Da ka aika Damagaram da an yi maka addu'a har shekara.

Ɗan Damagaram:
Bari kawai Yaya. Har yau uwargida ba ta sani ba.

Injiniya:
Ƙari a kan maganar Ɗan Damagaram, shafukan ba tsarinsu ɗaya ba, kuma wannan na shafar yadda za ka taya. A eBay lokaci a yanke yake, in agogo ya cika an rufe, shi ya sa gwanaye ke laɓewa sai saura daƙiƙa biyar su jefa tayinsu. A GunBroker kuwa, shafin gwanjon bindigogi, akwai dokar minti 15, duk wanda ya taya a ƙarshe sai a ƙara lokaci, ba a rufewa sai an yi minti 15 ba wanda ya motsa. Yawancin masu gwanjon kayan mamaci ma suna da irin wannan ƙarin lokacin. A nan laɓewa ba ta da amfani, wanda ya fi zafin kai shi ke ɗauka.

eBay suna barin a sayar da inji da dayis da sikeli, amma ba sa barin harsashi, albarushi, hula ko kwanso. Facebook kuwa sauke irin wannan tallar suke yi. Albarushi da hula ba a sa su a gidan waya, kamfanonin da ke ɗauka sai an biya kuɗin kaya mai haɗari, shi ya sa naka suka ce a zo a ɗauka.

Sai abin da mutane ke mantawa. Dala 140 da kake gani ba ita za ka biya ba. Ka karanta ƙananan rubutun, akwai la'adar da mai gwanjo ke ɗora wa mai saye a kan farashin ƙarshe, ga harajin jiha, ga man mota awa uku zuwa da dawowa. Ka haɗa duka ka je ka duba farashin sabon kit na Lee ko na RCBS a yau. Na sha ganin mutane sun yi ta kokawa a gwanjo har suka biya tsoho kuɗin sabo.

Ɗan Funtuwa:
Na duba yanzu, la'adarsu kashi 15 ce. Kuma wani abu na ba ni mamaki, duk sanda na ga tayi ya tsaya sai wata lamba ɗaya ta ƙara dala biyar. Tun jiya sau huɗu ke nan. Yanzu yana 165.

Injiniya:
Zai iya zama na'ura ce. Mutum yakan sa iyakar kuɗinsa, shafin ya riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk sanda aka wuce shi. Zai kuma iya zama ɗan gida ne ke tura farashi. Daga waje ba ka iya rabewa.

Malam Liman:
Assalamu alaikum. Tunda an zo nan bari in sa baki. Shi gwanjo, wato a sa kaya a ce wa zai ƙara, halal ne a wurin jumhurun malamai, ba ya cikin hanin yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, domin mai kaya bai riga ya sallama wa kowa ba. Abin da aka hana shi ne najashi: mutum ya ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani ya ƙara. Hadisin Ibn Umar ne, yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Mun san shi a kasuwar shanu tun kafin a ƙirƙiro intanet, dillali ya ajiye yaronsa a gefe yana ta ɗaga murya. Ina faɗa ne don mu ma kada wani ya sa kaya ya ce abokinsa ya shiga ya ɗaga masa. Amma kai Baban Khalil, zato ba hujja ba ne, kada ka ɗora wa bayin Allah laifin da ba ka gani ba. Ka yanke abin da za ka iya biya, ka tsaya a nan.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya gafarta Malam, na ji.

Lauyan Zaure:
Ni ba na son in ɓata muku hira, amma zauren nan akwai ɗalibai da masu bizar aiki, kuma na ga mutum biyu sun yi min magana ta gefe suna tambayar shafin. Baban Khalil yana da katin zama na dindindin, matsayinsa daban. Wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga da harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun da aka ware, wanda aka fi sani shi ne riƙe lasisin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takarda kuwa babu ƙofa ko ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a wannan maganar: a fassarar dokar, kalmar harsashi ta haɗa da kwanso, da hula, da kan harsashi, da albarushi. Wato bokitin nan na kwanson da ba komai a cikinsa, a idon doka harsashi ne.

Na biyu, ɗura wa kanka ba ya buƙatar lasisin tarayya. Amma ranar da ka fara ɗurawa kana sayarwa, ka zama masana'anta, sai da lasisin ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai. Kada wani ya ce ai 'yan uwa ne kawai nake ba su suna ba ni na mai. Na uku, jihohi sun bambanta ƙwarai. Abin da ka saya a Texas ba tambaya, a Massachusetts sai da lasisi kafin ka riƙe shi. Kowa ya duba dokar inda yake, kuma wanda takardunsa ke kan hanya ya tambayi lauyansa kafin ya taɓa ko ɗaya.

Sarkin Baka:
Salamu alaikum manya. Ni ina gida Najeriya, ƙanena ne ya sa ni a zauren. Tun ɗazu nake karatu bakina buɗe. Ashe akwai injin da mutum zai zauna a ɗaki ya yi harsashi. Mu nan katirij ya yi tsadar da ba a magana, wani lokacin ma da kuɗinka ba ka samu. In wani zai turo mota a kwantena, ba za a sa min irin wannan a but ɗin motar ba? Na bindiga mai baki biyu nake so. Zan biya.

Kawu Makaniki:
Na katirij ɗin bindigar tsuntsaye injinsa daban ne, MEC ne suka yi suna a kai. Amma Sarkin Baka, ranka ya daɗe, amsar ita ce a'a, kuma ba rowa ba ce.

Sarkin Baka:
Kawu kuna can cikin sanyi ba ku san halin da muke ciki ba. Mutanen daji na yawo da AK, mu da muke kwana a bakin gari muna gadi da bindigar toka. In an kawo hari mu ake turawa gaba. Ƙarfe ne fa kawai, ba bindiga ba.

Lauyan Zaure:
Wallahi mun sani, kowa a nan yana da wanda abin ya taɓa. Ni garinmu an kwashe mutane a gona. Amma ka duba abin da kake roƙo. Daga nan, fitar da kayan harsashi zuwa wata ƙasa sai da izinin gwamnatin Amurka, kuma mutanen da aka ɗaure a kan ɓoye irin waɗannan kaya a cikin motocin kwantena ba kaɗan ba ne. Daga can kuma Dokar Makamai ta 1959 tana nan. Ko bindigar toka sai da lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda, mai baki biyu sai na Sufeto Janar, kuma ƙera harsashi ba aikin mutum a ɗakinsa ba ne, aikin irin su DICON ne, masana'antar makaman gwamnati ta Kaduna da aka kafa tun 1964. Ka tuna bindigogi 661 da Kwastam suka kama a Legas a Janairun 2017. Tun daga lokacin ido na kan kwantena. In aka buɗe but aka ga wannan, ba za a tambayi ko kai ɗan banga ne mai tsaron gari ba. Ƙanenka da sunansa ke kan takardar shi zai fara shiga, kai ka biyo.

Kawu Makaniki:
Kuma ko ya iso, inji ba ya aiki shi kaɗai. Sai hula, sai albarushin da aka yi don shi, sai littafin awo. Abin da na fi tsoro ma shi ne wani ya samu albarushin zamani ya ɗura a bindigar toka. Ba irinsu ɗaya ba da baƙin albarushin da kuka saba. Bututun maƙera ba zai ɗauki ƙarfinsa ba, a hannu zai fashe. Don Allah ka gaya wa yaranka wannan ko da ba ka ɗauki komai a maganata ba.

Sarkin Baka:
Wannan kam mun gani. Akwai yaron da ya fasa katirij ya juye a tasa, yatsu uku suka tafi. To shi ke nan. Allah ya kawo mana sauƙi.

Mai Unguwa:
Amin. A matsayina na mai kula da zaure, maganar aika irin wannan kaya gida ta tsaya nan, kuma kada a bi kowa da ita ta gefe. A ci gaba da ta gwanjo.

Maman Hanan:
Kafin a wuce, masu zuwa gida hutu: jakar da kuka taɓa kaiwa filin harbi kada ta je filin jirgi. A 2024 an tsare Amurkawa a tsibirin Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da suka manta a aljihun jaka. Su ma ba da gangan suka yi ba.

Ɗan Zongo:
Ni dai har yanzu ban ga ribar ba. Ƙanena, harsashi nawa kake harbawa a shekara?

Ɗan Funtuwa:
Bara kwali huɗu. A ce 80.

Ɗan Zongo:
Wato dala 160 a shekara. Ko da ɗurin gida ya rage maka rabi, dala 80 ka tsira da ita. Inji da la'ada da mai sun kai 230, ban sa sabon albarushi da hula da littafi da ma'aunin tsawo ba. Shekara huɗu ko biyar kafin uwar kuɗi ta dawo, ban da ranakun hutunka. Ka ɗauki lodi ɗaya na ƙari a wata, ka sayi harsashin shekara biyu.

Kawu Makaniki:
Lissafinka daidai ne, ba zan yi maka gardama ba. Duk wanda ya ce maka ya shiga ɗuri ya tara kuɗi, ƙarya yake yi, harbin ne kawai ke ƙaruwa. Kuma a 2020 da 2021 da hula ta ɓace a shaguna, mu masu inji muka zauna muna kallon ƙarfe kamar kowa. Ni abin da ya riƙe ni daban ne. Bindigata na san abin da take so, kuma in na zauna a rumfar nan bayan la'asar ina awo ɗaya bayan ɗaya, ba waya ba hayaniya, hankalina kwance yake. Wanda ba shi da wannan haƙurin, mai son ya gama da sauri yana kallon ƙwallo, gara ya sayi na kwali.

Na koma kan sikeli, don ban gama ba ɗazu, kuma ya fi injin muhimmanci. Awon da ake yi da giren ne, giren 7,000 ke yin laba ɗaya, giren 15 da ɗoriya ke yin giram ɗaya. Ka ga ƙanƙantar abin. Tsofaffin sikelin RCBS masu sanda, Ohaus ne suka yi musu, kaya ne masu kyau, na fi yarda da su a kan ƙaramin na batir mai araha. Amma ka tabbata farantinsa da maratayinsa na asali suna nan, don tare aka daidaita su, in aka sauya da na wani ba zai zauna a sifili ba. Ka duba bakin wuƙar da sandar ke hawa kai, kada ya zama ya dakushe ko ya yi tsatsa. Kuma ko yaya ya yi kyau, sai ka sayi duwatsun gwaji ka auna shi kafin ka yarda da shi. Littattafan tsohon kuwa ka ajiye don tarihi. Albarushi na canzawa, kamfanoni na canza hannu, wanda ake kira Hercules da yanzu Alliant ne. Sabon bugu za ka saya, kuma abin da ke ciki za ka bi, ba abin da wani ya rubuta a zaure ba, ko da ni ne.

Ɗan Damagaram:
Kawu, gaskiya ne Dillon suna gyara inji ko a hannu ka saya?

Kawu Makaniki:
An san su da haka a kan irin su 550, shi ya sa na hannunsu ba ya faɗuwa a kasuwa. Manyan injinansu na 'yan kasuwa ba sa cikin wannan garantin. Amma sabon shiga ba ruwansa da inji mai yin aiki huɗu a bugu ɗaya. Ya fara da mai ɗaya-ɗaya, inda idonsa ke kan kowane kwanso.

Ɗan Funtuwa:
Jama'a ga yadda aka ƙare. Na je duba kaya jiya da yamma. Injin lafiya lau, sandar ba ta rawa ko kaɗan, sai da na ji kamar in rungume shi. Amma sikelin ba faranti, yaron da ke wurin ya ce bai san inda yake ba. Gwangwani ɗaya kuma an manna masa farin tef an rubuta wani suna da biro a kan na kamfani, na tuna maganar Kawu na yi dariya ni kaɗai. Na sa iyakata 190. Da daddare aka yi ta ja, ana ƙara lokaci, ni ina kallo hannuna na ƙaiƙayi. Na ƙara sau ɗaya zuwa 200, Allah ya gani. A 265 aka sallama wa wani.

Ɗan Zongo:
Da la'ada ya haura 300 ke nan. Allah ya ba shi lafiyar ɗauka.

Kawu Makaniki:
Ba ka yi asara ba. Irin wannan injin kullum yana fitowa, musamman bayan an rufe farauta. Kafin nan ka roƙi Baturen nan ka zauna kusa da shi sau uku ko huɗu, ka ga ko aikin ya dace da kai. Ina da sikeli biyu, ɗaya na zaune a kwali da farantinsa. In ka tabbata za ka yi, ka biya kuɗin aikawa kawai.

Ɗan Funtuwa:
Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Mun yi da shi ranar Asabar. Sai dai Maman Khalil ta karanta abin da Hajiya ta rubuta, ta ce ko na saya ba dai a garejinta ba.

Maman Hanan:
Ka gaishe min da ita. Ka ce ranar Asabar ɗin ma ta tanadi leda a bakin ƙofa, rigar da takalmin a ciki za su kwana.